Kawu da Dammunan Jaridunsa

Zaman makokin kawu ya ba ni wahala. Ba kukan nake nufi ba. Kuka yana cikin gida wajen mata, mu muna waje bisa tabarmi a inuwar bedi, wato dogon yaro, muna amsa gaisuwa har murya ta dushe. Abin da ya gajiyar da ni shi ne duk wanda ya zo, in ya gama cewa Allah ya jiƙansa, ya shafa addu'a, sai ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce, to jaridun fa? Ni ba ɗansa ba ne. Ɗan ƙanwarsa ne, ba ni da gadon ko tsintsiya a gidan. Amma duk Madarumfa an san ni nake shiga ɗakin jaridun tare da shi, don haka ni ake tambaya.

Mai suyar kifi ta bakin tabki ta tare ni a zaure, ta yi mini gaisuwa har da hawaye, kuma na yarda hawayen gaske ne, don kawu ya daɗe yana sayen kifinta. Da ta share ido ta ce takardar naɗe kifi ta yi wuya tun da mutane suka bar karanta jarida, in magada za su rabu da su kada a manta da ita. Wani tsohon mushe, malamin da ya koyar da mu a lakwal, wato makarantar boko, ya ce wannan dukiyar ƙasa ce, Yamai ya kamata a kai ta a adana. Na tambaye shi wa zai kai. Ya ce za a duba. Ya sha ruwa ya tafi, ban ƙara ganinsa ba. Sa'o'in kawu kuwa suka ce mutumin kirki ne, ba ya rasa sahun salla, sai dai yana da ɗan abin nan nasa. Haka suke kiran jaridun, ɗan abin nan nasa, kamar ciwon da ba a son faɗin sunansa.

A cikin maza wanda ya yi kuka sosai mutum ɗaya ne, wani tsohon direba da ya yi shekaru yana bin hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Issa. Shi yake kawo wa kawu jaridu, na Faransanci daga Maraɗi, na Hausa daga Katsina. Shi bai tambayi komai ba. Ya ce kawai har yanzu in ya hangi jarida a tasha sai ya ji hannunsa ya nufi aljihu.

Sai kuma wata mata da ta zo daga Safo bisa amalanke. Ba ta san ya rasu ba. Ta ga tabarmi a ƙofar gida ta gane, ta shiga ta yi gaisuwa, sai da za ta tafi ta tsaya nesa kaɗan ta sa aka kira ni. Ta ce ita ta zo ne neman shekarar da ta haifi ɗiyarta, za a yi wa yarinyar takardar haihuwa don ta zauna jarrabawa, kuma an ce mata mai jaridu ne yake sanin irin wannan. Ta ce ta haihu shekarar da tabki ya cika ya shiga gonaki. Na ce mata ta koma gida, zan aiko. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba, don lokacin ban san ko jaridun za su kai mako ba.

Bari in faɗi yadda abin yake, saboda waɗanda ba su taɓa leƙa ɗakin ba. Kawu ya yi aikin ɗan aike a ofishin sufurefe, mai mulkin gundumarmu, tun yana saurayi. A nan ya koyi karanta Faransanci, ba a aji ba. Manya in sun gama da jarida sai su jefar, shi kuma ya tsince ta, ya kakkaɓe, ya kawo gida. Da ya bar aiki bai bar tarawa ba. Ɗakin ƙasa ne a bayan gida, ya cika har kusa da rufi, sai wata 'yar hanya a tsakiya da mutum ɗaya zai bi a karkace.

Kawu manomi ne kafin ya zama komai, don haka ya ajiye jarida yadda ake ajiye gero. Dami yake ɗaure su da igiyar kaba. Ya jera duwatsu a ƙasa, ya ɗora katakai, sannan dammunan a bisa. Ya zuba toka kewaye da duwatsun saboda gara, ya sa ganyen bedi tsakanin dami da dami. Kowace shekara in an gama kaka, an shigar da hatsi rumbu, sai ya fito da su tsakar gida ya shanya, ya sake ganye, ya mayar. Matarsa takan ce gidan nan kaka biyu ake yi, ta ci da ta wahala.

Kuma bai rubuta komai a jikinsu ba. Shi ba da lissafin Nasara yake jera su ba, da sunan da mutanen gari suka sa wa shekara yake jerawa. Ga dammunan shekarar fara. Ga na shekarar da aka karya kuɗi. Ga na shekarar da lakwal ta kwana a rufe har damina ta zagayo, ga na sanƙarau, ga na tabki. Shi ya sa mutane suke zuwa wurinsa. Baƙauye bai san lambar shekarar da aka haife shi ba, amma ya san uwarsa ta ce shekarar fara ce. Kawu ya shiga ɗaki ya jawo damin, ya karanta lambar da ke saman jarida, ya faɗa. Ba ya karɓar komai. In an kawo goro yakan karɓa ya ba matarsa, don shi ba ya ci.

Yana da wata magana da yake yawan yi in ana mishi dariya. Yakan ce radiyo tana faɗi ta wuce, gobe mai maganar ya ce bai faɗa ba, amma takarda ba ta iya janye bakinta. Ya ga mulki ya sauya sau da yawa, kuma duk ranar da aka wayi gari da sababbin shugabanni, shi abin da yake fara yi shi ne ya aika tasha a nemo mishi jaridar ranar. Ba ya murna, ba ya baƙin ciki. Ya karanta, ya ninke, ya sa a dami.

Yadda na shiga ɗakin nan kuwa ta hanyar waƙa ne, kuma da faɗa aka fara.

Ina saurayi rap ta shigo mana. Daga Yamai ta zo, a kaset. Mun ji samari irinmu suna magana da sauri bisa kiɗa, da Hausa, da Zabarmanci, da Faransanci, suna faɗin abin da iyayenmu ba sa faɗi sai a cikin ɗaki. Ni a aji huɗu na bar lakwal, ba ni da sana'a sai taya babana noma, ga shi an nuna mini cewa mutum zai iya zama wani abu da bakinsa kaɗai. Muka haɗu mu huɗu a fadarmu ta shan shayi. Muka sayi manyan wanduna a gwanjon Ɗan Issa. Kayan kiɗa ba mu da su. Ɗaya ya bugi jarka, ɗaya ya yi kiɗan da baki, ni da na huɗun mu yi magana. Muna waƙa a kan albashin malamai da ba a biya ba, da tsadar tiyar gero, da samarin da suka gama karatu suna zaune tare da mu da ba mu yi ba.

Wata shekara muka yi waƙa a kan takin zamani da aka ce an aiko wa manoma amma bai iso ba. Muka ɗora laifin a kan wasu ma'aikata na nan garin, muka ce sun karkatar da shi. Waƙar ta karɓu, har mata suna yin ta a wajen daka. Ran nan da la'asar muna fada sai ga kawu da jarida a hammata. Bai yi sallama da fara'a ba. Ya tsaya a tsaye ya karanta da Faransanci, ya fassara da Hausa: takin bai ma shigo ƙasar ba tukuna. Ya ninke jaridar, ya dube ni, ni kaɗai, ya ce, “Zagi ma aiki ne. Sai ka san wanda kake zagi.” Ya juya ya tafi.

Abokaina suka yi ta dariya. Na daɗe ba na zuwa gaishe shi. Har yau ina ganin da ya kira ni gefe ya faɗa mini, da ya fi. Kawu ba ya iya wannan. In ya ga kuskure, a inda ya gan shi yake gyarawa, ko a gaban surukin mutum ne.

Da kaka ta zo ya aika wa uwata cewa yana neman mai ƙarfi ya taya shi shanya. Ta ce in tafi, ba ta tambayi ra'ayina ba. Na yini ina ɗaukar dammuna, shi yana zaune bisa turmi yana cewa wannan nan, wancan can. Bai tada maganar waƙa ba, ni ma ban tada ba. Da yamma ya kwance wani dami ya karanta mini wani labari a kan manoman gyaɗa tun kafin a haife ni, yadda aka yi musu alkawari aka saɓa. Ya ce in ina neman abin faɗi, ga shi nan ɗaki guda. Daga ranar na zama ɗan ɗakin. Bayan la'asar nakan je, ya karanta, ni in riƙe a ka, in je fada mu ɗora bisa kiɗa.

Kiɗan bai taɓa yi mishi daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce kamar mata biyu ne suke daka a turmi ɗaya suna fushi da juna. Wandunanmu kuwa ya ce buhunan da aka manta ba a cika ba ne. Amma maganar yana sauraronta daga farko har ƙarshe, ido a rufe, in ya ji inda muka ƙara gishiri ya ɗaga yatsa ɗaya.

Akwai lokacin da wasu dattawan gari suka kai ƙararmu wajen maigari, suka ce mun zama 'yan iska, muna zagin manya, a hana mu taro ko a kira jandarmomi. Babana ya ce shi babu ruwansa. Kawu ne ya tafi, da dami guda a ka, kamar mai kai zakka. Ya sauke a gaban mutane ya kwance. Ya ce duk abin da yaran nan suka rera an riga an buga shi a Yamai, ga shi, wanda ya iya karatu ya zo ya duba. In kama mutum za a yi, a fara kama takardar. Ba wanda ya matso. Maigari ya ce mu rage ƙara lokacin salla, mu ɗaure wando a ƙugu. Aka tashi. A hanyar dawowa ni na ɗauko damin. Na yi mishi godiya, ya ce ba don ni ya yi ba, don kada a ce an buga ƙarya ne alhali gaskiya ce.

Kaset ɗaya muka taɓa yi, a Maraɗi. Bai wuce Maraɗi ba. Daga baya kowa ya kama gabansa. Mai jarka ya tafi Aljeriya, mai kiɗan baki ya rasu, na huɗun ya zama mai wa'azi, ba ya son a tuna mishi. Ni na yi aure na koma gona da lambu a bakin tabki. Kaset ɗina na ƙarshe zafi ya narkar da shi a cikin akwatin ƙarfe. Waƙoƙin suka yi ta zubewa daga kaina. Kawu ne kaɗai bai manta ba, don ya san jaridar da kowace ta fito. In muna shanya yakan dafa wani dami ya ce, waƙarka ta malamai tana nan ciki. Wani lokaci har ya jawo baiti ɗaya ya faɗa a hankali, ba kiɗa, kamar mai karanta sanarwa.

Yanzu jikansa ne yake waƙa, ɗan babban ɗansa. Ya girma, yana da gemu, yana gyaran salula, wato wayar hannu, a kasuwa. Su ma rap suke kiranta, ko hip-hop. Ba jarka, ba fada. Na'ura ce take yin kiɗan, ita take gyara muryar har ta fito sumul kamar ba daga maƙogwaro ba. Yawanci soyayya ce, da yabon wanda ya ba da kuɗin sitidiyo, da wani ɗan guntun da ake maimaitawa don 'yan mata su yi rawa a ɗauka a salula. Waƙa ta tashi yau, ta cika gari, sati mai zuwa wata ta danne ta. Jikan yakan kawo wa kakansa ya saurara. Kawu ya rufe ido kamar yadda yake yi mana, ya ji har ƙarshe. Yatsa ba ya ɗagawa, don babu abin gyarawa. Sai ya buɗe ido ya ce, “To wace shekara ce wagga?” Yaron ya ce bana aka yi ta. Kawu ya ce bai ji bana a ciki ba, in aka kawo ta bayan shekara goma ba wanda zai san ko an yi ruwa ko an yi fari. Jikan ya yi dariya ya ce tsoho ya tsufa. Suna ƙaunar juna, ban taɓa jin sun ɓata ba.

Jaridun ma sun ja baya tare da kawu. Direban ya bar tuƙi, labari ya koma cikin salula, dammunan shekarun nan sirara ne kamar na gonar da ba ta samu ruwa ba. Kaka biyu da suka wuce ciwon ƙafa ya kwantar da kawu, ba a yi shanya ba. Na ce zan yi, ya ce in bari sai ya miƙe, don ni ban san inda ake mayar da kowane ba. Na sani, amma ban yi gardama ba. Bai miƙe ba. Ya rasu bana ana tsakiyar ɗaurin gero, da hantsi, bai bar wasiyya a kan komai ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Babban ɗansa taubashina ne, ɗan canji ne a Ɗan Issa. Tun muna yara ba ma magana sai da tsiya. Ana cikin makoki ya zauna kusa da ni ya ce, “Mawaƙin da ba shi da kaset, ka ji an samu mai sayen littattafanka?” Ya riga ya yi magana da mai kifi. Ɗakin kuma ya yi wa ɗansa alkawari, zai manna kwalayen ƙwai a bango don tsare sauti, ya mai da shi sitidiyo. Na ce mishi ubanka ya yi shekara hamsin yana tarawa, kai za ka naɗe tarwaɗa da su. Ya ce ubansa ya yi shekara hamsin yana ciyar da gara, shi zai ciyar da mutane.

A nan na yi wata dabara da na ɗauka wayo ce. Na je wajen liman na ce mishi jaridun Hausan nan cike suke da sunan Allah, akwai ayoyi, akwai shafin addini, akwai sanarwar rasuwa, ya halatta a naɗe kifi da su a jefar a kwata? Liman ya ce a'a, bai halatta ba ko kaɗan. Na ji daɗi. Ya kira taubashina a gaban mutane ya hana shi sayarwa. Sannan ya ci gaba, ya ce takardar da ke da sunan Allah in ba a da bukatarta, ƙona ta ake yi a wuri mai tsabta, ko a binne. Tun da ba a iya tsince masu ayoyi daga marasa, a haɗa duka.

Taubashina ya jira liman ya tafi, ya dafa kafaɗata yana dariya har da tari. Ya ce, “Ɗan mace, ka hana kifi riga, ka ba wuta abinci.” Ya ce shi washegarin sadakar bakwai zai koma bakin aikinsa, kuma ba zai bar ɗakin a cike ba. In ina so in kwashe, halak malak, ba ya neman komai. In ban kwashe ba, zai bi maganar malam. Ba mugunta yake yi ba. Shi a wurinsa an gama magana.

Sai dai ni gidana ɗaki biyu ne, ɗaya yana yoyo. Ba inda zan sa ko kashi ɗaya cikin goma.

Ranar sadakar bakwai, bayan an watse, na karɓi mabuɗi wajen matar kawu. Ta ba ni, sai da na juya ta ce in na ga tabarmarsa ta kaba a ciki in kawo mata. Na buɗe. Warin takarda da busasshen bedi yana nan yadda na san shi. Jikan ya biyo ni da igiyar awo, yana son ya auna bango. Na ɗaga damin farko na layin ƙasa, sai ya rabu biyu a hannuna. Gara ta hau duwatsun tun da ba a sake toka ba. Layin ƙasa duka ya zama ƙasa, igiyar kawai ta rage da siffar dami. Na shekarar fara sun tafi. Na manoman gyaɗa, wanda ya fara karanta mini, ya tafi. Na sama suna nan lafiya.

Jikan ya ajiye igiyar awon ya taya ni ware masu rai daga matattu. Muna aiki ya ce, Baba, wai da gaske kun yi waƙa har aka kai ku gaban maigari? Na ce da gaske. Ya ce in yi mishi ɗaya. Na fara ta malamai, na yi baiti ɗaya da rabi, sauran ya ƙi zuwa. Na dafa damin na ce ragowar tana nan ciki. Na ce mishi mu da abin da ya dami mutane muke waƙa, ku kuwa na'ura tana muku kuka kuna kiran sunan 'yan mata. Bai ji haushi ba. Ya ce, “Baba, kun faɗi gaskiya shekara da shekaru. Takin da aka ce kun yi wa waƙa ya iso?” Na ce bai iso ba. Ya ce shi waƙarsa in ya sake ta da safe, kafin azahar an ji ta a Katsina da Kano, kuma mutanen da ke rawa da ita su ma sun san tsadar gero, ba sai ya faɗa musu ba, hutu suke nema. Ya ce kuma yanzu kowa yana auna bakinsa. Muka ci gaba da ware dammuna.

Na nemi dammunan shekarar tabki. Suna layi na biyu. Gara ta ci gindinsu, ta bar kai. Na zaro ɗaya, ga hoton gonaki cikin ruwa, ga lambar shekara a sama ba abin da ya taɓa ta. Karatuna ba shi da yawa, amma lamba ina ganewa.

Da na koma gida na tsaya a gaban rumbuna. Shi ne kaɗai abin da na mallaka wanda ba ya yoyo kuma yake bisa duwatsu. Gerona na bana yana ciki, bai kai rabi ba, don damina ba ta yi mana kirki ba. Na faɗa wa mai ɗakina abin da nake tunani: a fito da geron a sussuke, a zuba a buhu, a jera a ɗakinmu, jaridu su shiga rumbu. Ta dube ni ta ce, “In ɓeraye suka gama da buhunan, jarida za mu ci da miyar kuka?” Ta ce ɗiyan cikin kawu sun ce a ƙona, ni da ba ni da gado ni ne zan kwana da hatsi a kan gado. Ta ce kuma ita za ta yi sussukar, ba ni ba. Duk gaskiya ta faɗa. Na ce zan nemo kyanwa. Ta ce in nemo hankali tukuna. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce in na yi za ta tafi gidansu ba, kuma shekarun da muka yi tare sun isa in san bambancin.

Washegari da safe, bayan na dawo daga masallaci, na fito da geron na jera a tsakar gida. Na ari amalanken maƙwabcina na yi ta jigila. Taubashina yana ƙofar gida da jakarsa yana jiran mota, duk sawun da na yi sai ya ce a gaida mai rumbun takarda, Allah ya sa ta yi tsiro. Waɗanda gara ta cinye muka haƙa rami a bayan ɗakin ni da jikan muka binne, yadda liman ya ce. Na kai wa matar kawu tabarmarsa. Sauran na shanya su a rana har ta yi zafi, na zuba toka kewaye da duwatsun rumbu, na yanko ganyen bedi, na jera su yadda yake jerawa, kowace shekara kusa da 'yar'uwarta. Da na rufe rumbun na rubuta lambar shekarar tabki a jikin wani guntun kwali, na fita bakin hanya, na ba wani mai amalanke da ya nufi Safo, ya kai wa matar nan mai neman shekarar ɗiyarta.